Wasiƙa daga Garwa: abin da gara ta rage mana a akwatin ma'aji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sam mini fili a jaridarka mai farin jini. Ni tela ne, mai ɗinkin manyan riguna, ko da yake yanzu ido ya ja baya, yara ne a kan keke, ni kuwa sai yanka da faɗa. A Garwa aka haife ni, a unguwar Hausare, a nan arewacin Kamaru, shekara 3 kafin ƙasar ta sami 'yancin kai a 1960. A waya nake karanta jaridarku, jikata ce ke buɗe mini ta ƙara girman baƙaƙen. Ban taɓa rubuta wa jarida ba sai yau, kuma ba daɗi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Kwanakin baya Allah ya yi wa ma'ajin taron unguwarmu, wato ƙungiyarmu mai asusun likkafani, rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Ya haura shekara 90, kuma tun ina ɗan makarantar allo shi ke riƙe da asusu. Bayan an yi addu'ar arba'in 'ya'yansa suka aiko a kira ni, tunda ni ne magatakarda. Suka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa, babban ɗan ya ce, "Baba tela, ga amanarku." Muka ɓalle kwado. A sama komai lafiya lau, littattafan makaranta irin waɗanda muke kira kaye, an jera su ɗaya bisa ɗaya, kowane da shekararsa a bango. Da muka yi ƙasa sai hannuna ya nutse cikin jar ƙasa. Ashe gindin akwatin ya yi tsatsa ya huje, gara ta shiga ta ƙasa, tana ta aikinta shekara da shekaru muna zaune a kanta. Kaye 31 ne, mun ƙidaya da bangwayensu. Guda 19 suka tsira. Su 12 ɗin da ta cinye su ne tsofaffin, domin marigayin mutum ne mai tsari, na farko shi ne a can ƙasa.

Na zauna a bakin gadon nan na rasa abin faɗa. Shekara fiye da 30 ina magatakarda, ban taɓa cewa a ɗauko su a shanya ba, balle a kwafe. Laifin gara kaɗan ne, ita halinta ta yi.

Bari in gaya wa wanda bai san mu ba ko su wane ne mu. Garwa tana bakin kogin Binuwai, wanda ya wuce mu ya bi ta Yola da Makurɗi ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Garin Fulani ne, Lamiɗo ke sarauta, kuma tushen sarautar yana komawa ga tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga Shehu Usmanu. Fulatanci shi ne harshen kasuwa, Faransanci na ofis. To amma duk wanda ya saurari sunayen unguwanni zai gane gari ne na taron dangi: ga Fulɓere, ga Kolere ta Barebari, ga Hausare tamu, ga Yelwa wadda sunanta ma ya isa shaida. A fadojin lamiɓe kuwa, wato sarakunan Fulani, za ka ji Sarkin Fada, Sarkin Yaƙi, Sarkin Shanu, Sarkin Fawa, an ɗan karya su da harshen Fulani amma ba su ɓace ba. Can kudu ma, a Birketiri ta Yawunde ko New Bell ta Duwala, duk Musulmin da ya sa doguwar riga Bahaushe ake ce masa, ko Bafulatani ne ko Shuwa.

Kakana daga ƙasar Kano ya taso cikin ayarin fatake, da jakuna ɗauke da baƙin yadi na marinar Kura da jemammun fatu da kanwa. Niyyarsa hajji a ƙafa, yana tafe yana saye da sayarwa, ta Marwa, ya ƙetare a Kusiri zuwa Fort Lamy wadda ta koma Injamena a 1973, ya bi Abeshe ya faɗa Sudan. Bai wuce Garwa ba. Fatoman da ya sauke shi ya ga yaro mai hankali ya ba shi 'ya, shi ke nan hajji ya koma sai wata shekara, har ya rasu yana cewa baɗi. Irin wannan labari kusan kowane gida a unguwarmu akwai shi. Kuma ba zan yi wa kakanni kwalliyar da ba tasu ba: fataken da suka riga shi zuwa ƙasar Adamawa ba hauren giwa da goro kaɗai suka yi fatauci ba, har da bayi. In za a rubuta tarihi a rubuta shi da ƙashinsa.

Fatoma shi ne ƙungiyarmu ta farko, tun ba a san kalmar ba. Shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ci bashi, ya kai shi gaban Sarkin Hausawa in rigima ta taso, in ya mutu kuma shi ne uban gawa. Mahauta suna da sarkinsu, wanzamai da nasu, dillalai da nasu. Abin ya fara yi wa wannan tsari yawa ne zamanin jiragen ruwa. Manyanmu sun ga lokacin da jirage ke hawowa daga Burutu idan kogi ya cika, wajen watan Agusta zuwa Oktoba, su sauke gishiri da siminti da man fetur, su kwashi auduga da gyaɗa. Wata biyu zuwa uku ne kacal, saboda haka aiki ba dare ba rana, 'yan dako kuwa daga ko'ina suke zuwa cin rani, ko in ce cin damina. Waɗannan ba fatake ba ne, ba su da fatoma, a gindin bishiya suke kwana.

A nan taronmu ya samo asali, kamar yadda mahaifina ya sha gaya mini. Wani ɗan dako, Bakatsine aka ce, ya faɗi da buhu a ka, kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Gawarsa ta kwanta a bakin tasha tun hantsi har la'asar an rufe ta da buhun gyaɗa, kowa na jiran wani ya kawo alawayyo. Daga ƙarshe mahaifina ya yanko daga yadin wani mai riga da ya kawo ɗinki, ya biya daga baya. Da suka dawo daga maƙabarta su bakwai suka zauna a zauren wani mahauci, kunya ta ishe su. Akwai mahauta biyu, da wanzami, da dillalin shanu, da mai kilishi, da malamin allo, da shi tela. Suka yanke cewa kowace Juma'a bayan la'asar kowa zai kawo dala, wato sefa 5, a riƙa ajiye likkafani ko da yaushe, domin kada a sake barin Musulmi a rana. Ba su raɗa wa abin suna ba. Har yau taro muke ce masa, kuɗin kuma asusun likkafani. Ranar da aka fara da sunayen mutum bakwai ɗin da hannun malamin suna cikin kaye na farko, wanda yanzu ya zama ƙasa.

Na kwana uku ina karanta 19 ɗin da suka rage. Da ajami marigayin yake rubutu, da tawadar zuge a farko, daga baya ya koma biro. Ba ya ƙawata magana. Ga irin abin da ke ciki: an sayi bandir ɗin alawayyo ɗaya. An gyara ƙafar makara. An sayi diga biyu da shebur. An ba mai haƙa goro. An sayi tabarmi 10, wane ya ara ranar suna ya dawo da 9. Wannan na ƙarshe ya sa ni dariya ni kaɗai, domin na san mai aron, kuma har ya mutu ana tsokanarsa da tabarma. Kana bin shafukan kana ganin abin da ya sami gari ba tare da an faɗa ba. A shekarun yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, jirage suka daina hawowa, kuma ba su sake komawa kamar da ba, balle da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974 kaya suka koma bin mota. A kayen farkon shekarun 1970 sai ka ga 'yan dako sun ragu cikin waɗanda aka binne, masu gudun fari sun ƙaru. A 1973 da 1974 ya rubuta "mutumin arewa, da yunwa ya zo" ya fi sau goma. A 1984 zubi ya faɗi warwas, shekarar da Najeriya ta rufe iyakokinta ta canza launin kuɗinta, iyakar kuma ba ta buɗu ba sai 1986. Rabin unguwarmu da hanyar Yola da Mubi suke ci. A gefen sunaye da yawa ya sa ɗan gajeren layi, alamar an ɗaga wa mutum ƙafa. Bai taɓa karanta sunan mai bashi a gaban jama'a ba.

Ranka ya daɗe, Garwa ba ta rasa manyan mutane ba, kuma ba na hassada da sunansu. A nan aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924. Ma'aikacin gidan waya ne kafin siyasa, kuma shi ma daga ƙaramar ƙungiya ya fara, wadda ake kira Association Amicale de la Bénoué, ta samarin da suka yi boko. A garin nan aka kafa jam'iyyarsa ta Union Camerounaise a 1958. Ya mulki ƙasa daga 1960 zuwa 1982, ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, kabarinsa yana can har yau. Gidan Hayatu kuwa sun ba mu Sadu wanda ya yi firaminista daga 1991 zuwa 1992, da Alim wanda ya yi Lamiɗo har rasuwarsa a 2021, da Isa wanda ya riƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka daga 1988 zuwa 2017, ya rasu a Faris a watan Agustan 2024 aka kawo shi gida aka binne. Ko yaron da ke tallan ruwa zai gaya maka ƙungiyar ƙwallon garinmu Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, Al Ahly ta Masar ta hana ta kofi, kuma daga cikinta Vincent Abubakar ya fito. Waɗannan ko mun yi barci tarihinsu ba zai ɓata ba. Sarakuna ma Allah ya ba su nasu mai rubutu, Eldridge Muhammadu, ɗan garin nan, wanda ya bi fadojin lamiɓe ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar bakin tsofaffi, ya ƙare yana koyarwa a Jami'ar Maiduguri inda ya rasu a 2004. Allah ya saka masa. Da bai yi ba, da yawancin abin da ya tara ya bi masu shi kabari.

To mu fa? Wa zai bi zaurukan mahauta da teloli? In an ce manyan unguwa, ni waɗanda ke faɗo mini a rai ba su taɓa shiga rediyo ba. Ba zan kama sunayensu a jarida ba tunda ban nemi izinin iyalansu ba, amma duk ɗan Hausare da ya kai shekara 40 zai gane su. Akwai tsohon da ya yi wankan gawa fiye da shekara 50, bai taɓa karɓar ko goro ba, kuma bai taɓa faɗin abin da ya gani a jikin mamaci ba, ko ga matarsa. Akwai wanzamin da ya yi wa samarin unguwa kaciya tsara uku, kaka da ɗa da jika, in ya hango ka kana taƙama da babbar riga sai ya yi murmushi kawai, kai kuwa ka sunkuyar da kai. Akwai dillalin da ke zuwa kasuwar shanu ta Adumri, wanda in ya ce "na tsaya masa" an gama, ba takarda ba shaida.

Sai mata, waɗanda nasu ya fi ba ni tsoro, domin su ko kaye ba su da shi. Adashinsu ya girmi taronmu. 'Yan kudu suna ce masa tontin ko njangi, har da tara da doka a rubuce, amma iyayenmu da ka suke riƙe nasu. Na san wata uwar adashi, ƙanwar kakata ce, mai tuyar ƙosai, wadda ke riƙe da zubin mata fiye da 40. Da gawayi take jan layi a bangon ɗakinta ta bayan ƙofa, kowace mace da gurbinta, kuma ba a taɓa jin kwasar wata ta shige ta wata ba. Ranar da jikokinta suka yi mata gwaninta suka shafe ɗakin da farar ƙasa tana kasuwa, ta dawo ta yi salati, sannan ta zauna ta mayar da layukan nan duka daga ka. Da wannan adashi aka yi wa 'yan mata da yawa kayan ɗaki da gara, ta aure nake nufi, ba waccan maƙiyiyar tawa ba. Da shi aka sayi manyan tukwanen da har yau ake aro ranar biki da ranar mutuwa. Ga kuma ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwa, har da tawa. Ita ke tsayawa kan wankan jego da kunun kanwa, in ta ga haihuwa ta zo da gardama kuma ba ta jayayya, ita da kanta ke tsayar da mota a tafi asibiti, tun lokacin da maza ke ganin zuwa asibiti abin kunya ne. Ta rasu ba wanda ya ɗauki ko hotonta.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, tunda na faɗi na gara. A ranar 19 ga Disamba 1990 aka yi dokar da ta ba mutane 'yancin kafa ƙungiyoyi, sai gari ya cika da su kamar an buɗe wa kaji akurki. Mu samarin lokacin muka ce taro ya waye: a rubuta tsarin mulki da Faransanci, a zaɓi shugaba da magatakarda da mai binciken kuɗi, a kai ofishin ferefe, wato babban jami'in gwamnati na yanki, a karɓo takardar shaida. Da yake na yi lakwal har aji shida, ni aka ba alƙalami. Wannan bai yi laifi ba, takardar ta yi mana amfani daga baya. Inda na yi wauta shi ne da na matsa a kwashe kuɗin daga akwatin ma'aji a kai wani gidan ajiya da aka buɗe, mai ba da riba. Marigayin ya ce, "Ɗana, kuɗin likkafani ba ya kwana a gidan da ke rufe ƙofa ranar Lahadi. Mutuwa ba ta san ranar hutu ba." Muka yi masa dariya a ɓoye, muka rinjaye shi da ƙuri'a, sabon abin da muka koya. Bai yi gardama ba, ya ƙirga sefa 640,000 ya miƙa mini. Ba a yi shekara biyu ba muka wayi gari gidan da kwado, har yau ko sisi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Kafin mu farfaɗo sai ga karyewar sefa a watan Janairun 1994, aka raba darajarta biyu, kuɗin bandir ya tashi.

Duk da haka ba a taɓa rasa likkafani ba, kuma ban taɓa tambayar yadda aka yi ba, kunya ta hana ni. Sai yanzu a cikin kaye na ga amsa. Wata 14 a jere akwai shigar kuɗi da aka rubuta "daga wani bawan Allah". Na nuna wa babban ɗansa, ya yi shiru, sannan ya ce a shekarar ne tsohon ya sayar da gonarsa ta hanyar Pitowa, ya ce musu nisa ta yi masa. Shekara 30 muna gaisawa da mutumin nan kullum, bai taɓa yi mini ko gugar zana ba.

Siyasa ma ta taɓa mu. A zaɓukan 1992 unguwa ta rabu, waɗanda suka tashi tare suka daina zama tabarma ɗaya, wasu suka ce a raba asusu kowa ya kama gabansa. Daga baya aka sake wata rigimar a kan ƙabalu da sadalu da wanda zai ja sallar gawa. Abin da ya hana mu watsewa ba wa'azi ba ne. Makara ɗaya gare mu, kuma a zauren ma'aji take. Duk mai fushi, ranar da aka yi masa rasuwa sai ya zo ya yi sallama.

A ambaliyar 2012, da Binuwai ta cika ta tumbatsa aka saki ruwan madatsar Lagdo, na san 'yan'uwanmu na Najeriya sun sha wuya, kuma har yau in an ce Lagdo ransu na ɓaci. Ku sani mu ma ba a tudu muka kwana ba. Mutanen bakin kogi a azuzuwan makaranta suka tare, kuma tukwanen adashin nan na mata su suka yi ta dafa musu abinci. An rubuta buhunan masara da aka saya a kaye na 27.

Wani abu kuma da ya ƙara tunzura ni in rubuto. A watan Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, 'yan wasan Najeriya a nan suka zauna, a filin Rumde Ajiya suka ci Masar 1 da nema ranar 11 ga wata, Iheanacho ya ci, kafin Tunisiya ta fitar da su ranar 23. Gari ya cika da baƙi daga Yola da Kano da Kaduna, samarinmu suka sauke wasu a zauruka kyauta, jinin fatoma bai mutu ba. Wani saurayi ya shigo shagona a gyara masa aljihu, muka taɓa hira, sai ya ce, "A'a, Baba, a ina ka koyi Hausa haka?" Na ce, "A bayan uwata, ɗana." Ya yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini. Tsakaninmu da Yola tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba, amma a wurinsa Hausa ta ƙare a kan iyaka. Ban ga laifinsa ba. Me muka rubuta da zai karanta?

Ƙungiyoyin yanzu ba na raina su. Sun fi mu sauri. Kwanan nan aka kwantar da wani yaro za a yi masa aiki, samari suka sa a WhatsApp, kafin asuba kuɗi sun haɗu ta waya, har daga 'yan unguwa da ke Duwala da Libreville da Jidda. Mu a da sai mu yi mako muna bi gida-gida. Abin da ke ba ni haushi shi ne yawan muƙamai da anko. Ƙungiya mai mutum 20, shugaba, mataimaki na ɗaya, mataimaki na biyu, mai ba da shawara na musamman, kowa da kujera, ba mai ɗaukar diga. Ni tela ne, anko ciniki ne a gare ni, amma gaskiya ɗaya ce. Sannan duk lissafinsu a waya yake. Na tambayi magatakardan wata ƙungiya ina rajistarsu ta shekara biyar da ta wuce, ya ce tana cikin wayar da aka sace masa a kasuwa. Gararmu ta yi shekaru tana ci, tasu dare ɗaya ta gama.

Ga roƙona gare ka, Edita. Ka ware ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, inda mutanen unguwanni za su riƙa aiko da tarihin taronsu da na mutanen da suka riƙe su, daga Marwa da Ngaundare da Kusiri da Injamena da Abeshe, har da Damagaram da Kumasi in sun so. Ba sai da gogaggiyar Hausa ba, ku gyara mana. Masu karatu kuma, duk wanda ya san akwai akwati irin wannan a gidansu, don Allah ya jawo shi yau ya duba gindinsa. Wanda tsohuwarsa ke da rai ya kunna waya ya ajiye kusa da ita ya tambaye ta wa ya fara adashinsu. Ɗaliban jami'o'inmu na Ngaundare da Marwa da sabuwar ta Garwa da ke neman abin bincike, ga shi a ƙofar gida, sai dai su zo da wanda ya iya karanta ajami, domin masu iyawa a cikinmu saura ƙalilan.

Mu dai mun fara. Jikata tana ɗaukar hoton kowane shafi, ni ina karantawa tana bugawa da boko, mun gama kaye huɗu. An sayi sabon akwati an ɗora shi a kan bulo, an zuba toka a ƙarƙashi.

Akwai kuma wata amana da nake so ka taimaka mana da ita. A bayan kowane kaye marigayin yana da shafin baƙin da taro ya binne, waɗanda ba a san danginsu ba. Ba suna a yawancinsu, sai kwatance: Bazazzagi mai sayar da turare, yana da tsage a kumatu. Tsoho mai niyyar hajji, ya ce daga ƙasar Haɗeja. Yaro ɗan Damagaram, makiyayi. A cikin kaye 19 mun ƙirga mutum 83. Wataƙila a wani gida a can har yanzu ana cewa kakanmu ya yi gabas bai dawo ba. In ka amince, zan riƙa aiko maka da su kaɗan-kaɗan da shekarunsu, ko Allah zai sa wani ya gane nasa ya san inda yake kwance.

Ɗaya daga cikinsu, na shekarar 1971, an rubuta a gabansa: "Bakano, mai ɗinkin hula, ya bar laya da zobe da kuɗi, suna wurina." Mun same su a kusurwar akwatin cikin wani ƙullin fata da gara ba ta taɓa ba. Zoben azurfa ne, kuɗin kuwa sulallan Najeriya ne na kafin naira, guda 11. Mun mayar mun ƙulle yadda muka same su. Taro yana nan kowace Juma'a bayan la'asar, yanzu a zaurena, kuma duk wanda ya shigo Hausare ya tambayi tela magatakarda za a nuna masa.

Na gode da haƙurin karanta wannan doguwar takarda. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Tela magatakarda,
Unguwar Hausare, Garwa, Kamaru.